Harafi Ɗaya a Takardar Asibiti

Litinin, 4 ga Maris

Zuwa ga ɗana, Sarkin Tambaya,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fata kana lafiya. Ya aiki, ya baƙunta? Mu nan sai godiyar Allah. Mai ɗinkin da ke ƙasan benenmu tana gaishe ka, ta ce har yau awon rigarka yana littafinta, in ka yi tumbi ka sanar da ita ta gyara.

Na san za ka ce me ya hana ni kira. Kunnen nan ya ƙarasa tafiya, ɗana. Wayar da ka aiko tana cikin durowa. In na kara ta a kunne sai in ji kamar ana magana a ƙarƙashin ruwa. Kuma ba na son zancen jikina ya bi ta bakin wani kafin ya iso gare ka.

Wata uku ke nan numfashina yana yi mini gardama. Matakalar benen nan guda ashirin da biyu ce, yanzu sau uku nake hutawa kafin in kai ƙofata. Ƙafafuna sun kumbura, takalmina duk sun ƙi ni. Na je asibiti aka ba ni ƙwayar sa fitsari. Da abin ya ƙi, aka kwantar da ni aka shafa mini wani mai mai sanyi a ƙirji, aka ɗauki hoton zuciya, irin aikin nan naka. Likitar yarinya ce mai tabarau. Ta daɗe tana kallon allon, sannan ta kira wani dattijo, su biyun suka yi ta motsa baki. Na ce, “Ku rubuta mini, ba na ji.” Sai ta yagi takarda ta rubuta da Turanci: akwai ƙari a cikin zuciyarki.

Ni dai tun da nake ban taɓa jin ƙari ya fito a zuciya ba. Na ji na nono, na ji na hanta.

Ba sa ba da fayil a fita da shi, amma nas ɗin ta bar ni da shi minti biyar, na kwafe abin da likitar ta rubuta. Ga shi nan a bayan wasiƙar. Rubutunta kamar sawun kaza, amma shekara talatin da ɗaya na yi ina buga tafireta a ofis ina karanta rubutun da ya fi nata muni, ban taɓa sauya wa kowa harafi ba.

In ban gaya maka ba, wa zan gaya wa? Allah bai ba ni na cikina ba. Ni da marigayi babanka kaka kawai muka haɗa, amma shekara huɗun da ka yi a ɗakin nan kana sakandare, kana hana ni sakat da tambaya, sun ishe ni in kira ka ɗa. Yau ni ke da tambaya. Mene ne wannan abin?

Taka,
Goggo

Lahadi, 17 ga Maris

Zuwa ga Goggo,

Wa’alaikumus salam. Ina gaishe ki da kyau, ya ƙarfin jiki? Allah ya ƙara sauƙi. Ni lafiya lau. Ki gaya wa mai ɗinki tumbi bai samu ba tukuna, tun da ni ke yi wa kaina girki.

Wasiƙarki ta same ni a ɗakin aiki. Ɗaki ne mai duhu, ba taga, alluna uku a gabana, daga safe zuwa yamma ina kallon zukatan mutanen da ban sani ba suna buɗewa suna rufewa. Wata rana sai in tashi aiki in tuna ban yi wa kowa magana ba ban da mai gadin ƙofa. Da na ga rubutunki a bayan ambulan sai da na rufe ƙofa kafin in buɗe.

Bari in amsa miki yadda kika koya mini, daki-daki. Zuciya ɗakuna huɗu gare ta, biyu a sama, biyu a ƙasa, hagu da dama. Ƙari yana fitowa a cikinta, amma da wuya ƙwarai. Shekara goma sha ɗaya ina wannan aiki, na duba dubban mutane, sau tara kacal na gani. Kuma yawancinsu ba ciwon daji ba ne, wato kansa.

A kwafin da kika aiko akwai harufa biyu, L da A. Ma’anarsu a Turanci ɗakin sama na hagu. Da na gan su sai da na sauke ajiyar zuciya, domin nan ne mazaunin irin mai sauƙin. Yana rataye ne da ɗan wuya siriri, yana lilo a cikin jini, wani lokaci ya tare ƙofa, shi ya sa numfashi ke yi miki wuya. Ana yin tiyata a cire shi gaba ɗaya, kuma ba ya cika dawowa. Na ga tsohuwar da ta girme ki an yi mata, bayan wata biyu ta zo tana yi mana faɗa a kan layi.

Saboda haka ki kwantar da hankalinki. Ba irin mai gudu ba ne, mai yaɗuwa a jiki. Amma ki bi duk abin da likitarki ta ce, kada ki tsallake ko ɗaya.

Kin ce ba ki da wanda za ki gaya wa. ’Ya’yan ƙaninki fa? Ki rubuta musu, Goggo. Ni ina nesa, kwana biyu ne a hanya.

Ɗanki,
Sarkin Tambaya

Litinin, 8 ga Afrilu

Ɗana,

Gaisuwa da fatan alheri. Ina fata kana cin abinci. Ni da sauƙi, alhamdu lillahi, ko da yake na ɗan kwanta asibiti, shi ya sa ka ji ni shiru.

Sau uku na karanta wasiƙarka, sannan na sauka na karanta wa mai ɗinki. Ta tsayar da kekenta ta rungume ni, ta yi mini ihu a kunne, “Kin gani ko? Shi ya sa ake haihuwar likita!” Na ce, “Ai ban haife shi ba.” Ta ce, “To wa ya wanke masa kayan makaranta?” Ranar na ci abinci har na ƙara.

Likitar ta ba ni ranar shiga wata babbar na’ura mai kama da rami, wai a ƙara ganin abin da kyau. Na je na leƙa ta, na ga layi har bakin matakala, na ga yadda ake tura mutum ciki shi kaɗai. In sun yi mini magana daga waje ba zan ji ba. Sai na tuna ka ce ba mai gudu ba ne, na ce a ɗaga mini zuwa wata mai zuwa.

To, ranar Alhamis ta makon jiya ina dawowa daga sayen sabulu, a matakala ta tara sai duniya ta juya. Mai ɗinki ce ta tsince ni. A asibiti suka ce ruwa ne ya taru a jakar da zuciya ke ciki, ya matse ta. Suka soka mini allura a ƙasan ƙirji suka zuƙo kusan kwalba biyu. Ja ne, kamar ruwan da aka wanke nama. Sun auna sun ce ba su ga komai a ciki ba. Dattijon nan yana zargin tarin fuka, ya sa an fara ba ni magani mai mayar da fitsari launin ruwan lemo. Yarinyar mai tabarau kuwa na ga ba ta yarda ba, ta yi ta girgiza kai. Na nuna mata wasiƙarka, sai na tuna ba ta karanta Hausa. Na ce mata, “Ɗana ya ce mai sauƙi ne.” Ta dube ni ta yi murmushi, ba ta rubuta komai ba.

Kwana uku na yi. Gadon da ke kusa da nawa kullum a cike da ’yan dubiya, ni kuma ina kallon bakunansu ina ƙoƙarin gane abin da ke ba su dariya. ’Ya’yan ƙanina suna da hidimarsu. Tun rasuwar ubansu sau ɗaya suka tako nan. Abin da za a cire a gama, me zan tayar musu da hankali a kansa?

Taka,
Goggo

Juma’a, 19 ga Afrilu

Goggo,

Ina gaisuwa, ya jiki? Ki yi haƙuri da gajartar wannan, ta hanyar gaggawa na aiko ta.

Abu uku nake roƙo. Na ɗaya, ki koma gobe-goben nan ki karɓi ranar shiga na’urar, kada ki ƙara ɗagawa. Na biyu, ki aiko mini da lambar wayar likitar mai tabarau. Na uku, ki roƙe ta ta sa a ɗauki hoton takardar ainihi a injin ofis, a aiko mini. Kada ki sake kwafa da hannunki.

Jan ruwan nan bai kwanta mini ba.

Ɗanki

Alhamis, 2 ga Mayu

Zuwa ga Likita,

Bayan gaisuwa. Jiki da sauƙi.

Ga hoton takardar, ga lambar. Injin ofis ne ya kwafa, ba hannun tsohuwa ba, sai hankalinka ya kwanta. Ban san na kai inda ba a yarda da rubutuna ba. Manyan ofis guda shida na yi wa aiki, ba wanda ya taɓa dawo mini da takarda.

Na karɓi ranar na’urar, Talata mai zuwa.

Goggo

Alhamis, 30 ga Mayu

Ɗana,

Assalamu alaikum. Ina fata lafiya ce ta sa ka yi shiru. Mako huɗu ke nan. Kullum da hantsi ina sauka in duba akwatin wasiƙu, in huta sau huɗu kafin in hau, hannu wofi. In maganata ta baya ce ta ɓata maka rai, ka yafe mini. Na rubuta ta ne ina fushi, kuma fushin tsoro ne.

Ga abin da ya faru tun daga lokacin. Na shiga na’urar. Bayan kwana biyu aka aiko mota daga asibiti, ni da ko layi ba a taɓa ɗaga mini ba. Aka tsayar da maganin tarin fuka. Aka sake ɗaukar hoton huhu. Sannan aka kwantar da ni a wani ɗaki mai sanyi, aka yi mini allurar kashe zafi a gefen wuya, aka zura wata siririyar waya ta jijiya har cikin zuciya, wai a tsinko ɗan nama a auna. Duk sun rufe baki da ƙyalle, ko leɓe ban samu na karanta ba. Ina kwance ina kallon rufi ina ƙirga fitilu. Guda shida ne, ɗaya tana kyaftawa.

Kowa ya koma yi mini kirki. Nas ɗin da ke hararata a da, yanzu ita ke gyara mini matashi. Dattijon likitan ya daina kallon idona. Ni ba yarinya ba ce, na san irin kirkin nan, na yi wa mijina shi a watansa na ƙarshe.

Jiya na tare mai tabarau a baranda, na riƙe hannun rigarta na ce, “’Yar nan, me kuka gani?” Ta karɓi takardata ta rubuta: muna jiran sakamako, kuma kullum ina magana da ɗanki.

Kullum! Ashe kana nan, ashe kana magana, ni ce kawai ba ka yi wa. Na zauna a bencin barandar har aka fara share ƙasa. Zuciyar nan tawa ce, a ƙirjina take, amma kowa ya san labarinta ban da ni.

Yanzu da yamma nakan jawo kujera bakin taga in kalli titi. Mai gyaran takalmin da ke tsallake yana ɗaga mini hannu. Shi ke nan hirata ta yini.

Ka rubuto, ko mene ne. Shiru ya ishe ni, a cikinsa nake kwana nake tashi.

Taka,
Goggo

Lahadi, 9 ga Yuni

Goggo,

Wa’alaikumus salam. Ina gaishe ki, ina kuma neman gafararki. Ba ki ɓata mini rai ba ko kaɗan. Sau huɗu na fara wasiƙar nan ina yagewa. Yau zan gaya miki komai, ba zan rage ba.

Ranar da hoton takardar ya iso, a tsaye na buɗe shi a baranda. Harafin farko ba L ba ne, R ne. Likitar ta ja shi a gurguje, cikinsa bai rufe ba, ni ma sai da na kai shi gaban haske. Ƙarin yana ɗakin sama na dama ne, ba na hagu ba. A ɗakin dama kuma labari yana sauyawa. Ƙarin da ya zauna a can, mai faɗin gindi, ya shiga cikin bango, yana zubar da jini a jakar zuciya, sau da yawa mugun iri ne. Kuma yana da wuyar kamawa. Ana auna ruwan a ga ba komai, sai a ɗauka tarin fuka ne. Ba wanda ya yi sakaci. Likitoci da yawa suna gama aikinsu ba su taɓa ganin ko ɗaya ba. Yarinyar nan mai tabarau tun ranar farko ta yi zargi, kuma ita ta yi ta faɗa har aka tsinko naman.

A sa’ar na kira ta. Amma ke na kasa rubuta miki, domin akwai sauran fata ɗaya. Mugun ƙari a wurin nan iri-iri ne, akwai wanda magani ke narkarwa, mutum ya yi shekaru. Na ce bari in jira sakamako, wataƙila in zo miki da gyara da albishir a wasiƙa ɗaya. Na gaya wa kaina don ke nake jira. Don kaina ne. Na ji kunyar abin da na rubuta miki a watan Maris.

Sakamakon ya fito ranar Laraba. Ba mai narkewar ba ne. Kansa ce da ke tasowa daga jijiyoyin jini na bangon zuciya. Ta shiga bangon sosai, ba a iya yanke ta duka, kuma akwai ƙananan ɗigo a huhu. Akwai maganin da ake sawa ta jijiya, yana iya rage mata gudu, ba ya kashe ta. In kin tambaye ni lokaci, sanin gaibu sai Allah, amma abin da muka saba gani watanni ne, ba shekaru ba.

Na san abin da za ki fara tunani, saboda haka ki karanta nan sau biyu. Ba harafinki ya jawo wannan ba. Watan da aka ɗaga, a iya sanina, bai sauya inda za a kai ba, ciwon ya riga ya yi nisa tun ranar hoton farko. In akwai mai kuskure ni ne. Kullum ina hana ɗalibai yanke hukunci a kan zuciyar da ba su gani da idonsu ba. Ni kuma na yanke a kan harufa biyu, don ina so su zama gaskiya.

Ranar Laraba da na ajiye waya, akwai mutum goma sha huɗu suna jira. Na duba su duka. Da na koma ɗakina na zauna a bakin gado da takalmi a ƙafata, na rasa wanda zan gaya wa. A garin nan ba wanda ya san ina da Goggo.

Na nemi hutun wata uku. Shugaban sashenmu ya ce, “Mahaifiyarka ce?” Na ce eh. Zan iso ranar Asabar, 29 ga wata.

Ɗanki,
Sarkin Tambaya

Alhamis, 20 ga Yuni

Ɗana,

Assalamu alaikum. Ina fata wannan za ta riske ka kafin ka taso. Jiki yau da ɗan dama. Sun sake zuƙe ruwan ranar Litinin, numfashi ya ɗan saki.

Na karanta. Na ninke ta na sa a ƙarƙashin matashi, na tashi na wanke kofuna biyu da ba su yi datti ba, na dawo na sake karantawa. Sannan na yi kuka, na yi mai isata, ba wanda ya ce in yi haƙuri. Da na gama sai na ji wani irin sauƙi. Wata uku ina tafiya a cikin hazo. Yanzu ko ba komai na san inda nake tsaye.

Na ɗauko tabarau na duba hoton takardar da na rage. R ne. Ƙafarsa ce ta ruɗe ni. Na yi wa kaina dariya, wallahi, ni mai manya shida. Ka ce ba laifina ba ne, na karɓa. Kai ma ka sauke naka. Wasiƙarka ta Maris ta ba ni mako uku ina barci kamar jaririya, ban ga abin da zan yi nadama a kai ba. Shirun ne kawai ya yi mini ciwo, kuma ya wuce.

Ranar Litinin na tafi da sabon littafin rubutu na ajiye a gaban mai tabarau. Na ce, “Ɗana ya gaya mini. Daga yau duk abin da za a faɗa a kaina a rubuta shi a nan.” Ta cire tabarau ta goge, ta cika shafi biyu, da manyan baƙaƙe wannan karon. A ƙarshe ta rubuta: ki yafe mini, na rasa yadda zan fara. Na ce, “Ku likitoci duk malaminku ɗaya ne.”

Maganin jijiyar zan gwada, in ga yadda jikina zai ɗauka. In ya fi ciwon wahala zan ce a bari, kuma ba na son gardama daga gare ka. Na rubuta wa ’ya’yan ƙanina jiya. Mai ɗinki kuma na gaya mata da bakina. Sai ta rufe shago da rana tsaka ta hau ta zauna tare da ni, muka yi ta kallon titi.

Kada ka sayo mini komai. Ka zo da takalmi mai laushi, barandar asibitin nan doguwa ce kuma kai za ka riƙa tura ni.

Ranar Asabar kada ka wahalar da kanka da ƙwanƙwasawa. Tun da safe zan bar ƙofar a buɗe, in juyo da kujerata ta fuskanci matakala. Yanzu barci yana sace ni ba sallama. In ka tarar da idona a rufe, kada ka tsaya daga bakin ƙofa kana ƙirga numfashina kamar likita. Ka ajiye jakarka ka zo ka dafa kafaɗata.

Taka har kullum,
Goggo